Masallatai Tara da Ɓarawon Yashi

Ni na fara ganin teku tana cin gaɓar nan. Kafin injiniyoyi masu hular kwano, kafin ɗan jirginsu mai tashi ba direba, kafin duk wata takarda da aka buga wa hatimi a West Bay, unguwar manyan ofisoshin Doha, ni Lado ɗan Aruna na riga na sani, kuma dunduniyata ce ta fara sani kafin idona. Ban taɓa zama a aji ba. Amma a tunga aka haife ni, bakin Kwara, ƙasan Yawuri, inda kogi ya cinye gidan ubana sau biyu ina kallo, a na uku ya ɗauke ni ni kaina ya ajiye a gari na gaba, na dawo a ƙafa da akuya a kafaɗa. Kwalara ta kama ni ta sake ni. Korona ma ta gwada ni a nan Doha, aka killace ni mako biyu, na fito na ƙara ƙiba. Mutum irina ba a zaunar da shi a koya masa halin ruwa.

Aikina gadi. Kamfanin da ya kawo ni, ba zan faɗi sunansa ba tunda har yau rigarsa ce a jikina, yana gina otal a bakin teku arewa da gari saboda baƙin Kofin Duniya. Otal bai ƙare ba amma gaɓarsa ta ƙare, don ita sayo ta aka yi. A tifa aka riƙa kawo yashin, fari tas kamar garin tuwo, ana zubawa ana bajewa. Da can wasu gajerun itatuwa ne a wurin, masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Aka ce suna wari kuma za su tare wa baƙi ido, aka tumɓuke su. Ta arewa kuma aka jera katangar duwatsu ta miƙe cikin ruwa, don jiragen manya su samu wurin tsayawa.

Ranar da na ga katangar nan na gaya wa Sunusi abin da zai faru. Sunusi shi ne direban motar da ke kwaso mu daga Bin Omran, unguwar da muke kwana, ɗan Kano ne, ɗakinmu ɗaya, kuma bakinsa ba ya riƙe komai ya kwana. Na ce masa a tungarmu Sarkin Ruwa ya taɓa tara duwatsu ya yi wa jiragensa mashiga, damina ɗaya gonar albasar da ke ƙasa da shi ta tafi duka, don yashin da ruwa ke kawo mata ya maƙale a bayan duwatsun. Sunusi ya ce wannan teku ce ta Larabawa, an auna ta da kwamfuta, ba kududdufin ƙauyenmu ba ce.

Sai kullen korona ya zo. Aka rufe masallatai, aka tsayar da leburori, aka bar ni ni kaɗai a ɗakin gadi da yashi da tsuntsaye. Sunusi kan kawo mini abinci da rana ya ajiye a ƙofa ya juya. Na yi abin da kowane mutumin wurinmu ke yi in salla ta same shi a gona: na tattaro duwatsu na zagaye fili, na fitar da ɗan kumburi a gaba wurin alƙibla, ya zama masallaci. Ragowar duwatsun katanga na ɗebo, kowanne ya kai kan rago, taku goma sha biyu daga bakin ruwa don in sha iska.

Akwai wata 'yar magana game da wannan masallacin na farko, gara ku ji ta a bakina. Shekara sittin ina salla ina kallon inda rana ke fitowa. Da na zo Doha kuma masallaci nake shiga in bi sahu, ba wanda ya taɓa tambayata ina rana take. To da aka bar ni ni kaɗai, na duba inda ta fito da safe, na kafa alƙibla a nan. Kwana goma sha tara ina fuskantar teku. Ran na ashirin Sunusi ya makara da abinci, ya iso ina cikin la'asar. Ina sallamewa na gan shi zaune a ƙasa, takunkumi ya zame masa har haɓa, hawaye na zuba don dariya, waya a hannu.

"Baba Lado," in ji shi, "kifi kake yi wa limanci? Makka fa tana bayanka."

Ya nuna mini 'yar kibiyar da ke cikin wayarsa, ta juya ta kalli yamma. Ashe mun wuce Makka da jirgi ban lura ba, ina barci lokacin. Na rama sallolina ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko raka'a ba. Amma ya riga ya ɗauki hoto. Ni kuwa a gidanmu na Bin Omran ni ake turawa gaba in lokacin salla ya yi, ni ake tambaya in an ga wata. Na sa shi ya rantse ba zai tura wa kowa ba. Ya rantse, amma ya ƙi gogewa, wai in ransa ya ɓaci yana dubawa ya samu sauƙi.

Na yi sabon masallaci a gefen na farko, ya kalli yamma. Na farkon kuma ban taɓa shi ba. A wurinmu in an kai goshi ƙasa a wuri, ba a watsa duwatsunsa, ko gonar ta sauya hannu sai dai mai noma ya kewaye. Ko da alƙiblar ta karkace, ai ba da wasa aka yi sallar ba.

Yanzu da na ba teku baya sai ta samu dama. Cikin azumin shekarar, ina sujada a sallar azahar, na ji sanyi a dunduniya. Na ɗauka ko alwala ce ba ta bushe ba. A raka'a ta gaba ruwa ya jiƙa mini bakin wando. Bayan Ƙaramar Salla na ja baya taku biyar na jera sababbin duwatsu. Makon da na dawo daga killacewa na tarar da ƙaguwa a wurin liman, na sake ja baya. Haka muka yi ta yi ni da ita, ba ta taɓa ɗaga murya ba. In iskar arewa ta taso, wadda suke kira shamal, ta kwana uku tana kaɗawa, sai ka wayi gari an yanke gaɓa kamar an sa wuƙa. Ruwa ya wanke yashin da ke ƙarƙashin duwatsuna, su kuma don nauyinsu sai su zauna ƙasa a inda suke. Cikin shekara biyu na yi masallatai tara.

Ban yi shiru ba. Tun a masallaci na huɗu na tare Mudir, wato shugaban wurin, wani dogo mai turare wanda ba ya fitowa daga mota sai an kashe masa rana. Da Larabcina na gadi da hannuwana na nuna masa teku tana tahowa. Ya sauke gilashi rabi ya ce kwamfuta ta ba gaɓar nan shekara hamsin, ni in kula da ƙofa. Ya ce yalla, wato mu je, direbansa ya ja.

Saura wata tara a fara ƙwallo manya suka zo daga West Bay ganin aiki. A takardarsu akwai wurin jera kujerun kwanciya sahu shida. A ƙasa sahu biyu ma sai an matsa. Taku arba'in na gaɓa babu shi. Aka shiga taro. Injiniyoyi ba za su yi laifi ba, suna da takardun shaida masu zinare a gefe. Teku ba za ta yi laifi ba, kwamfuta ta riga ta wanke ta. Sai aka gano cewa sata ce. Yashin mai tsada ne, wasu ne ke shigowa da tifa suna kwasa. Tifa kuma ta ƙofa take shiga, ƙofa kuwa akwai mai gadi.

Suka kafa kyamara a kan sanda tana kallon yashi. Yashi ya ci gaba da tafiya a gaban kyamara. Sai aka ce to ɓarayin ta ruwa suke zuwa, kuma tabbas akwai mai gaya musu lokaci.

Mudir ya kira ni, wannan karon har ya fito daga mota. Ya ce ƙarshen wata khalas, wato shi ke nan, kafil, ubangidan da takarduna ke hannunsa, zai soke bizata, kuma za a rubuta a takarda cewa na haɗa baki da ɓarayin yashi. Komawa gida ba ta ba ni tsoro, na koma daga wuraren da suka fi wannan. Amma ni da na yi gadin shagon zinare a Sakkwato shekara goma sha ɗaya ko ɗan kunne bai ɓata ba, in sauka a tasha a tambayi me ya dawo da Lado, a ce yashi ya sata? A ƙasar da in ka buɗe baki za ka yi hamma yashi ke shiga kyauta? Jikokina za su tashi da wannan sunan. Wannan ne ya hana ni cin abinci, ni da ko a killace ban bar loma ba.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare sai ga wata mata a ƙofa da takardar izini, da doguwar sanda mai zane-zane da hula a kan mayafi. Na fara yi mata Larabci, sai ta dubi fuskata ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Zalihatu sunanta, 'yar Zariya, tana karatun digirin ƙarshe a nan kan yadda teku ke cin ƙasa. Shekara uku ke nan ban ji mace ta gaishe ni da Hausa ido da ido ba. Na ba ta kujerata.

Tana shan ruwa tana ƙorafi. Ta ce tana zargin katangar nan ce ta tare yashin da ya kamata ya riƙa gangarowa kudu, amma ba ta da hujja, don lokacin kulle ba wanda ya auna komai, bayan kulle kuma kamfani ya ce ba buƙata. Ba ta san inda bakin ruwa yake ba a wata kaza ko wata kaza. Na bar ta ta gama. Sannan na ce ta dawo ranar Juma'a da hantsi, lokacin da ruwa ke janyewa sosai, ta zo da takalmin roba.

Ta zo, Sunusi ma ya biyo mu don ba ya son a yi abu ba shi. Ruwa ya ja baya, sai ga su a jere kamar sawun raƙumi, daga kusa da ɗakina har can cikin taɓo, masallatai tara, gansakuka ta rufe na nesa. Zalihatu ta shiga ruwa har gwiwa da siket ɗinta tana aunawa. Na riƙa gaya mata lokacin kowanne. Wannan bayan Ƙaramar Salla ta farko. Wannan makon da aka sallame ni daga killacewa. Wannan ranar da haƙorin Sunusi ya kumbura har ya yi kwana biyu bai yi gulma ba.

Ta rubuta duka, ta ce ita ta yarda, amma mutanen West Bay ba za su karɓi haƙorin Sunusi a matsayin kwanan wata ba. Za su ce jiya na jera duwatsun don in wanke kaina. Tana buƙatar abu ɗaya tak mai kwanan wata a jikinsa, wanda ya nuna ɗaya daga cikin masallatan a kan busasshen yashi da bakin ruwa a inda yake a lokacin. Sannan ta nuna na can ƙarshe ta tambaya me ya sa shi kaɗai ya juya wa sauran baya.

Sunusi ya fara tari. Tari mai tsawo, har da dafa ƙirji.

Na ce babu wani hoto. Na ce wa Sunusi in ya buɗe baki zan gaya wa matarsa a waya abin da yake ci a gidan abincin 'yan Indiya alhali yana ce mata yana azumin Litinin. Zalihatu ta dube mu ta gane akwai magana, ba ta matsa ba, ta bar mini lambarta ta tafi.

Kwana uku ina juya abin. Na fara haɗa kaya ma, na ɗaure bargona. A rana ta uku Sunusi ya kawo abinci bai juya ba, ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce, ba dariya a fuskarsa, shi dai ya rantse kuma ba zai karya ba. Amma in duba, salla na riga na rama ta, wanda aka yi dominsa ya gani. Sunan ɓarawo kuwa ina zan je in rama shi? Na ce masa tun kafin ya zo na riga na yanke wannan shawarar, jira kawai nake in ga ko yana da hankalin da zai kai can. Ya ce haka ne, Baba.

Na sa Sunusi ya tura wa Zalihatu hoton, aka kira mu West Bay, hawa na talatin da ɗaya. Na sha ganin dogayen gidajen nan daga ƙasa, ban taɓa shiga akwatin da ke hawa da mutane ba. Ban ji tsoro ba, Sunusi ne ya riƙe mini hannu don kansa. Ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, dogon tebur, Mudir, injiniyoyi uku, da wani dattijo Balarabe mai farin gemu a can ƙarshen tebur wanda in ya motsa kowa sai ya gyara zama. Zalihatu ta yi bayani da Turanci, ta nuna zane-zane, ba wanda ya ɗaga kai daga waya. Sai ta danna wani abu.

Na ɗauka a waya za a nuna. Bango guda ne. Ga ni nan, na fi ƙofa tsawo, ina ruku'u, fuskata ga teku, bayana ga Makka, ɗan facin da ke wandona ya kai faranti. Ga duwatsu a kan farin yashi busasshe, ga bakin ruwa can gaba, ga katangarsu a gefe, ga kwanan wata a ƙasa. Kowa ya ajiye waya. Rabin mutanen ɗakin musulmi ne, kuma duk sun san inda teku take a garinsu.

Dattijon ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi tambaya, Zalihatu ta juya mini: wai ina na fuskanta?

Na shirya amsoshi uku tun a mota, kowacce ta fi 'yar'uwarta kyau. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "Kuskure na yi, ranka ya daɗe. A garinmu gabas muke kallo. Kwana goma sha tara ne, kuma na rama."

Ya gyaɗa kai. Ganin haka na ƙara da abin da ke cina. Na ce Zalihatu ta tambaye su, wane irin ɓarawo ne zai zo da katafila ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin masallatai tara, sannan ya sauko ya mayar da kowane dutse inda yake, takwas su kalli Makka, ɗaya kuma ya bar shi a karkace yadda na karkatar da shi? In akwai ɓarawo mai tsoron Allah haka, a kawo shi ya karɓi aikina, ya fi ni cancanta.

Dattijon ya yi dariya har ya share ido da gefen ƙyallen kansa. Da ya yi, sai injiniyoyi ma suka ga abin da dariya. Mudir ne ya fi kowa, har ya zagayo ya dafa kafaɗata ya ce shi dama tun farko bai taɓa zargina ba.

Ba a kore ni ba, an yaga takardar a gabana. Sunan ubana ya tsira, kuma shi na je nema.

Sauran kuma ga yadda aka yi. Zalihatu ta ba su shawara a buɗe wa katanga ƙofofi yashi ya riƙa wucewa, a mayar da itatuwan da aka tumɓuke. Aka gode mata, aka kafa kwamiti. Rahoton kwamiti ya fito ya ce laifin sauyin yanayi ne na duniya baki ɗaya, katanga ko sunanta ba a ambata ba. Saura wata ɗaya a fara ƙwallo tifa ta yi kwana tara tana shiga tana fita, aka binne masallatai tara da sabon yashi, aka jera kujeru sahu shida. Aka sayo 'ya'yan itatuwan nan guda arba'in, irin waɗanda aka ce suna wari, aka dasa su a lungu, Mudir ya riƙe shebur mai ƙyalle aka yi hoto. Ni ma aka ba ni sabuwar riga da takarda mai hoton ganye. Kyamara tana nan har yau, tana jiran ɓarayi.

Hoton kuwa kafin mu sauko daga hawa na talatin da ɗaya ya riga mu isa Bin Omran. Sunusi ya rantse ba shi ba ne, kuma wannan karon na yarda, don yana gefena yana riƙe da hannuna. Yanzu daga mai shagon Bangali har masu gadin unguwar Al Aziziya, Limamin Kifi suke kirana. Ina amsawa. Har yanzu ni ake turawa gaba, sai dai kafin in tayar da kabbara wani ɗan iska daga baya yakan ciro waya ya duba kibiya. In an tambaye ni ina cewa da gangan na yi, ina so in sa wa teku ido ne tun da wuri, kuma in aka duba yadda abin ya ƙare, ai ba ƙarya na yi sosai ba.

Baƙi sun zo, sun kwanta a yashi sun yi ja kamar manja, sun yi ihu, sun tafi. Wata biyu bayan an ɗaga kofi shamal ta kaɗa kwana huɗu. Na fito da safe sai ga kan dutse ya leƙo, wurin liman na masallaci na farko. Makon da ya wuce na tara ya fito. Daga itatuwa arba'in goma sha ɗaya sun rayu, don na kewaye su da duwatsu ba wanda ya sa ni, kuma duk wanda ke da ido zai ga yashi ya fara taruwa a gindinsu. Zalihatu ta ce ta sa sunana a littafin digirinta, shafi na biyu. Ban iya karantawa ba, amma na sa ta ɗora yatsana a kai, Lado Aruna, ya fi sunan malaminta tsawo.

Wanda ke ganin tsoho ne kawai yake cika baki, ƙofa ni ke riƙe da ita. Ya zo ranar Juma'a da hantsi in ruwa ya janye, ya naɗe wando ya bi ni. Mu ƙirga tare. In ya samu takwas, ko ya samu na ƙarshen yana kallon Makka, zan cire rigar kamfani in ba shi a nan take in tafi gida da singileti. In kuma ya samu tara, to ya shimfiɗa dardumarsa a masallacin da nake salla yanzu, ya ba teku baya, ya yi mini raka'a huɗu a natse ba tare da ya waiwaya ba.